Akwatin Wasan Yara Ƙirar Gida: Lissafin Da Ke Jiran Kafintocin Mubi

MUBI, Jihar Adamawa — Idan aka buɗe bayan akwatin wasan bidiyo na tsaye, irin wanda yaro ke tsayawa a gabansa yana juya sanda yana danna maɓallai, abin da za a tarar a ciki bai taka kara ya karya ba: allon talabijin guda, wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, lasifika biyu da wayoyi. Sauran duka katako ne da iska. Wannan kuwa magana ce da ta shafi ɗan kasuwa kai tsaye, domin duk wanda ya yi odar irin wannan akwati a haɗe daga ƙasar Sin ko Amurka, to, ya biya kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na mota tun daga Legas har gindin duwatsun Mandara a kan katako da iska, alhali kuwa a Mubi akwai katako, akwai kafintoci.

Cikin 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta bazu a Amurka da Turai, inda magidanta ke ɗaukar zarto da gam su harhaɗa wa 'ya'yansu ƙaramin akwati daidai tsayinsu, su zuba masa wasannin da su iyayen suka yi a zamanin ƙuruciyarsu, irin su Pac-Man da Space Invaders. Da 'yan kasuwar can suka ga haka, sai suka bi sawu. A shekarar 2018 aka fito da samfurin Arcade1Up, wanda girmansa kashi uku ne cikin huɗu na akwatin asali, tsayinsa kimanin ƙafa huɗu, a lokacin ana sayar da shi wajen dalar Amurka 300, kuma mai saye ne ke ɗaure shi da kansa a gida. A can abin sha'awa ne da begen zamanin da ya wuce. A nan kuwa, inda akasarin iyaye ba su taɓa tsayawa gaban irin wannan akwati ba balle su yi begensa, tambayar ta kasuwa ce tsantsa: shin kafinta da mai gyaran talabijin za su iya haɗa hannu su ƙera shi a kan kuɗin da zai dawo da riba?

A ganina za su iya. Sai dai ƙirar ita ce ɓangare mafi sauƙi. Abubuwan da za su raya sana'ar ko su kashe ta su ne wutar lantarki, da hanyar karɓar kuɗi, da izinin wasannin da za a zuba a ciki.

Asalinsa ma ƙirar gida ne

Kada wani ya ɗauka cewa harhaɗa irin wannan akwati a shagon kafinta ƙasƙantar da shi ne. Haka aka fara shi. A shekarar 1972 Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari a jihar Kalifoniya, kowannensu ya zuba dala 250. Injiniyansu Allan Alcorn ya sayo talabijin Hitachi marar launi a kan dala 75, ya saka ta cikin akwatin katako mai tsayin ƙafa huɗu, ya liƙa wayoyi da dalma, aka kai ta wata mashaya a garin Sunnyvale domin gwaji. Wasan, wanda aka sa wa suna Pong, kwaikwayon ƙwallon tebur ne kawai. Ba a jima ba aka kira shi aka ce na'ura ta lalace. Da ya buɗe, sai ya tarar ma'ajiyar kuɗi ce ta cika da sulalla har ta toshe.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kamfanin Taito na Japan ya fito da Space Invaders a 1978, Namco ya fito da Pac-Man a 1980, Nintendo ya biyo da Donkey Kong a 1981. An ƙiyasta cewa a shekarar 1982 Amurkawa sun zuba kimanin dala biliyan 8 cikin waɗannan akwatuna, santi 25 bayan santi 25. Street Fighter II na kamfanin Capcom ya sake farfaɗo da harkar a 1991, amma da na'urorin gida suka yi ƙarfi, musamman bayan fitowar PlayStation a 1994, sai gidajen wasan Amurka suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata mai niyyar zuba jari ya riƙe dalilin rufewarsu: mutane sun sami abin da ya fi shi a cikin ɗakunansu.

Abubuwa biyu ne suka dawo da akwatin hannun talaka. Na farko manhajar MAME, wadda wani ɗan Italiya mai suna Nicola Salmoria ya fitar a 1997, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin na'urorin nan. Na biyu kuma Raspberry Pi, 'yar kwamfutar da aka tsara a Kambirij ta Ingila domin koya wa yara, wadda ta shiga kasuwa a Fabrairun 2012 a kan dala 35. Aikin da a da sai babban allo cike da kayan lantarki ke yi, yanzu abin da ke shiga aljihun riga ke yin sa.

Me ya sa Mubi?

Mubi gari ne da ya saba da saye da sayarwa tun kafin a san da Jihar Adamawa, wadda aka ciro daga tsohuwar Gongola a Agustan 1991. Kasuwarsa ta shanu na cikin manya a Arewa maso Gabas, kuma ta hanyar Sahuda fatake ke kai da komo tsakaninsa da garuruwan arewacin Kamaru. Garin na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002, watau ke nan ba a rasa matasan da suka san kan lantarki da kwamfuta. Ko da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a ƙarshen Oktoban 2014, aka kuma fatattake su a tsakiyar Nuwamba, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu sun komo sun buɗe rumfunansu.

Kamar sauran garuruwan Arewa, Mubi na da gidajen kallon ƙwallo da shagunan gem, inda samari ke biyan kuɗi su kara da juna a wasan ƙwallon ƙafa na PlayStation. Wannan kasuwa ta samari ce, kuma ta riga ta sami masu ita. Wanda ya jera musu Pac-Man yana jiran su bar ƙwallo su zo, zai daɗe yana jira. Waɗanda aka bari a baya su ne ƙannensu, 'yan shekara huɗu zuwa goma, waɗanda ba su da wayar hannu, waɗanda kuma babu uban da zai so ya gan su a cunkushe cikin shagon samari. Akwati daidai tsayin yaro na waɗannan ne.

Falle ɗaya na filawud

A nan ne ƙanƙantar akwatin ke zama riba. Akwatin manya tsayinsa ya kai ƙafa shida, kuma yakan ci falle biyu ko uku na katakon filawud. Yaro ɗan shekara shida kuwa tsayinsa bai wuce santimita 115 zuwa 120 ba, gwiwar hannunsa na wajen santimita 70 daga ƙasa. Saboda haka teburin da sanda da maɓallai za su zauna a kai ya kasance tsakanin santimita 65 da 75, akwatin gaba ɗaya kuma kada ya wuce santimita 120.

Fallen filawud da ake sayarwa a kasuwa ƙafa huɗu ne a ƙafa takwas, watau santimita 122 a 244. Idan aka yanke gefuna biyu, kowanne santimita 120 a 50, an ci santimita 100 daga tsawon fallen, saura 144. Wannan saura zai ba da tsaga uku masu faɗin santimita 45: ɗaya ta zama murfin baya, ɗaya ta ba da gaba da ƙasa, ta uku kuma ta ba da rufi da teburin maɓallai da firam ɗin allo. Ke nan falle ɗaya ya isa, in dai kafinta ya zana a takarda kafin ya ɗauki zarto. Amma da zarar aka ce yara biyu za su yi wasa tare, faɗin sai ya kai santimita 60, tsagar ta koma biyu, dole a taɓa falle na biyu. Wannan ba asara ba ce lalle, domin akwatin mutum biyu na karɓar kuɗin mutum biyu a kan wuta ɗaya, amma shawara ce da ya kamata a yanke tun kafin a je kasuwar katako.

Filawud mai kaurin milimita 18 ya fi dacewa da gefuna da teburin maɓallai, domin yaro ba danna maɓalli yake yi ba, dukansa yake yi. Masu yin wannan aiki a Turai sun fi son katakon garin itace da aka matse, saboda santsinsa wajen fenti. Ban ba kowa shawarar bin su ba a nan. Irin wannan katako da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruɓe, kuma duk wanda ya san daminar Mubi da yadda ake wanke daɓen shago da bokiti ya san ƙarshen zancen. A sa wa akwatin ƙafafun roba ko na ƙarfe domin ya ɗaga daga ƙasa, a kuma shafe cikinsa da maganin gara.

Akwai abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba, watau kifewa. Akwati siriri mai allo a sama, kansa ya fi gindinsa nauyi, yaro kuwa sai ya rataya a jikinsa. A Yunin 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan wasu sun faɗo kan yara sun kashe su. Maganin abin mai sauƙi ne: a ajiye batir ko bulo a can ƙasan akwatin, a ɗaure bayansa da bango. A goge duk kusurwoyi da samfefa har su yi laushi, a rufe allon da roba mai kama da gilashi maimakon gilashin kansa, a sa wa ƙofar baya kwaɗo. Fentin da za a shafa kuma a tabbatar babu dalma a cikinsa, tunda hannun yaro daga akwati sai baki.

Kayan ciki ba su da yawa. Allon kwamfuta na gwanjo mai inci 17, irin wanda ofisoshi da tsofaffin shagunan intanet suka yar, ya fi sabuwar talabijin mai faɗi dacewa, domin tsofaffin wasannin an zana su ne a kan allo mai kusan murabba'i. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi kuwa a bar ta. Tana da nauyi, tana shan wuta, tana kuma riƙe lantarki mai haɗari a cikinta ko bayan an zare ta daga soket. Sanda da maɓallai ana sayar da su a ƙunshi ɗaya tare da ɗan allon da ke haɗa su da kwamfuta ta mahaɗin USB, ramin kowane maɓalli kuwa milimita 28 ne ko 30, gwargwadon samfurin. Kada kafinta ya huda katako sai maɓallan sun iso hannunsa. Ga ƙananan yara maɓalli biyu ko uku sun wadatar. Wanda bai sami Raspberry Pi ba, kamar yadda aka yi fama da ƙarancinta a 2021 da 2022, tsohuwar kwamfutar cinya da allonta ya fashe za ta yi aikin.

Zafi da ƙura su ne abokan gaban waɗannan kaya. Raspberry Pi na rage gudunta da kanta idan zafinta ya kai wajen digiri 80, akwatin katako a rufe a watan Afrilu kuwa tanda ne. A huda ramukan iska a ƙasa da sama, a sa 'yar fanka, a rufe ramukan da raga da ƙyalle saboda ƙurar hunturu.

Dala a ciki, Naira a waje

Duk abin da ke cikin akwatin da dala ake sayo shi, duk abin da yaro zai biya kuwa Naira ce. A Mayun 2023 farashin gwamnati na dala ɗaya wajen Naira 460 ne. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yuni na wannan shekara, ta yi ta faɗuwa har ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Ma'ana, na'urar dala 35 da ta tsaya a kan Naira 16,100 ta koma Naira 52,500 cikin wata tara, ba tare da an ƙara mata ko waya ɗaya ba, kuma ba a sa dako da ribar dillali ba. Shi kansa filawud bai tsira ba, domin mai yawa daga cikinsa shigo da shi ake yi. Yana ma cikin kayayyaki 41 da Babban Bankin ya hana wa kuɗin musaya a Yunin 2015, hanin da aka ɗage a Oktoban 2023.

Darasin da ke nan shi ne, duk abin da za a iya samu na gwanjo a Mubi ko Yola ko Kano, to, a same shi a nan. Allo, lasifikan tsohuwar rediyon mota, fankar tsohuwar kwamfuta, duk ba su bukatar dala sabuwa. Abin da ya cancanci a sayo sabo shi ne sanda da maɓallai, domin su ke shan wahala, su ne kuma ke fara mutuwa. Mai hankali zai sayi ninki biyu ya ajiye.

Batun wuta ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato, muddin ba a dogara da layin Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Yola kaɗai ba. Wanda ya ga yadda akasarin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda a Oktoban 2024 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Raspberry Pi 4 ba ta wuce wat 15 ko ta ƙure, allon inci 17 na cin wat 20 zuwa 30, sauti da fanka su ɗauki kamar 10. Jimla wajen wat 50 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 na ɗauke da wat-awa 1,200, idan aka ci rabinsa kawai domin kada ya mutu da wuri, zai riƙe akwati ɗaya kimanin awa goma ko fiye. Farantin sola matsakaici zai mayar masa da abin da ya ci. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur ran 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 1,000 a wasu wurare kafin ƙarshen 2024, bai dace da sana'ar da cinikinta na 'yan canji ne ba. Haka kuma ɗaukewar wuta ba zato na lalata katin da manhajar ke ciki, don haka batir ba ado ba ne ko da akwai wutar layi.

Ramin kwandala babu kwandala

Akwatin wasa an gina shi ne a kan sulalla. Yaro ya jefa, na'ura ta ƙirga, mai ita ya zo da mabuɗi ranar Juma'a ya kwashe. Ba ya bukatar mai tsaro, ba ya bukatar amana. Wannan ne sirrin ribar Amurkawa, kuma shi ne ainihin abin da Nijeriya ba ta da shi. An mayar da takardun kwabo 50 da Naira ɗaya sulalla a 1991, an sake buga sababbi har da na Naira 2 a 2007, amma hauhawar farashi ta kore su daga kasuwa. Yau ko mai sayar da alewa ba ya karɓar kwandala.

Hanya biyu suka rage. Ko dai a sayar da lokaci, mai tsaro ya karɓi kuɗi ya duba agogo, ko kuma a buga 'yan ƙarafa na musamman waɗanda yaro zai saya a kanta ya jefa a rami. Ta biyun ta fi, domin akwai na'urorin karɓa da ake koya wa nauyi da girman ƙarfen, ana kuma iya haɗa su da ɗan maƙirgi a ciki wanda ba ya komawa baya. Da yamma mai jari ya duba lamba, ya duba aljihun yaron shago, lissafi ya fito ba tare da rantse-rantse ba.

Bari mu ɗauki misali, alƙaluman kuma na misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ce akwati da batirinsa sun ci Naira 200,000, ana karɓar Naira 100 a kan minti goma. Yara ba sa samuwa sai bayan boko da Islamiyya, a ce awa huɗu a yini. Idan bai huta ba, zagaye 24 ke nan, Naira 2,400. A cire Naira 900 na mai tsaro da haya da tanadin gyara, saura 1,500. Jari zai dawo cikin kwana 134, kimanin wata biyar na aiki. To, amma a ce rabin lokacin babu kowa, zagaye 12, Naira 1,200. Mai tsaro da mai rumfa ba za su rage nasu ba, saura Naira 300, jari kuma sai ya yi kwana 667 kafin ya dawo. Ciniki ya ragu da rabi, riba ta ragu da kashi huɗu cikin biyar. A tsawon wannan lokaci batir ya tsufa, Naira kuma ta ƙara zubewa.

Saboda haka kama rumfa da ɗaukar yaro domin akwati ɗaya kasada ce. Ko dai a jera huɗu ko biyar ƙarƙashin mai tsaro ɗaya da sola ɗaya, ko kuma a bi tsarin da masu wannan harka a Amurka suka daɗe a kai, watau a ajiye akwatin a wurin da ya riga yana da rufi da ma'aikaci, a raba abin da aka samu, galibi rabi da rabi. Gidan abinci, kantin kayan sanyi, shagon askin yara, ɗakin jira na asibitin kuɗi, duk wurare ne da uwa ke son abin da zai riƙe mata yaro na minti goma. Akwai kuma haya a bukukuwan Sallah da Kirsimeti da ranakun rabon kyaututtuka na makarantu, inda yini ɗaya kan iya kawo abin da mako bai kawo ba. Shi kafinta da abokin aikinsa, a nawa ra'ayin, gara su tsaya a kan ƙira da sayarwa da gyara, su bar wa masu wuri kasadar jiran yara.

Maƙwabtan Mubi na Kamaru har yanzu suna kashe sulallan sefa, saboda haka akwati mai rami zai yi aiki a Gidar ko Garwa kamar yadda aka tsara shi tun asali. Kasuwa ce da za a iya dubawa, amma a tuna Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, sassaucin harajin da ke tsakanin Nijeriya da Benin ko Ghana bai shafe ta ba, kuma wanda ya ga rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya san ba a ɗora dukkan jari a kan hanyar iyaka.

Na wane ne wasan?

A kasuwa ana samun alluna daga Sin masu ɗauke da ɗaruruwan wasanni, har dubbai, a kan kuɗi kaɗan, a intanet kuma ana sauke su kyauta. Mafi yawansu ba da izinin masu su aka kwafa ba. Tsufan wasa bai mayar da shi na kowa ba. Pac-Man har yau mallakar Bandai Namco ne, Donkey Kong na Nintendo ne, kuma Nintendo ba ya wasa da nasa: a 2018 wata kotun Amurka ta amince a biya shi fiye da dala miliyan 12 daga hannun masu wasu shafuka biyu da ke rarraba tsofaffin wasanninsa. A gida Nijeriya, sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ƙunshi manhajojin kwamfuta. Gaskiya ne da wuya lauyan Kyoto ya biyo sawun akwati ɗaya a Lokuwa ko Sabon Layi. Amma wanda ke son ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya liƙa sunansa a goshin akwati, ya nemi rance a banki ko kwangila daga makaranta, ba zai gina wannan duka a kan kayan da ba nasa ba. Har zanen da za a yi a jikin akwatin ma haka ne, gara a zana raƙumi ko dutsen Mandara da a kwafo hoton wani kamfani.

Wani tarko na biyu shi ne caca. Tun 1977 gwamnatin soja ta kafa dokar hana na'urorin caca, waɗanda aka fi sani da kalokalo. Akwatin wasa ba ya cikinsu matuƙar yaro lokaci ya saya, ba ya kuma fita da kome. Ranar da aka ce wanda ya ci za a ba shi kuɗi, ko aka bar manya suna ɗora kuɗi a kan yara, an sauya sana'a, an kuma sayi rigima da hukuma da malaman unguwa da iyaye gaba ɗaya. Amincewar iyaye ita ce babban jarin wannan harka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukanta a 2019, iyayen Mubi kuwa ba su jira ta ba kafin su san yaron da ke satar kuɗin cefane domin gem. Akwati a fili inda kowa ke gani, a kashe lokacin makaranta da lokacin salla, babu wasannin zubar da jini, kowane yaro da iyakar zagayensa: waɗannan ƙa'idoji ne na kasuwanci kafin su zama na tarbiyya.

Hanyar halal a buɗe take. Akwai manhajojin koyarwa da masu su suka saki kyauta ga kowa, kamar GCompris, mai ɗauke da wasannin ƙidaya da haruffa fiye da ɗari na yara 'yan shekara biyu zuwa goma. Akwai Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin yara su tsara nasu wasannin, wadda kuma ke aiki a kan Raspberry Pi. Kamfanin Maliyo Games, wanda Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, ya nuna cewa ana iya yin wasanni da labarin gida. Wasa irin na 1980, mai sanda ɗaya da maɓalli biyu, bai fi ƙarfin ɗalibin kwamfuta da ke shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha ko jami'ar da ke Mubi ba, kuma kowace shekara ana neman waɗannan ɗalibai su gabatar da aikin kammala karatu. Dara, ko wasan kora shanu zuwa kara, ko haɗa baƙi da wasali da Hausa da Fulatanci, duk za su zauna a kan wannan allo. Mai ƙirar da ya biya ɗalibi ya rubuta masa wasa, suka yi yarjejeniya a rubuce a kan wanda ya mallake shi, zai iya kai akwatinsa makarantar naziri mai zaman kanta ya sayar da rasit, ya kuma karɓi kuɗin gyara kowane zangon karatu.